Daga Keson Wuri Zuwa Allon Waya: Wa Ke Ɗaukar Asarar Canjin Kuɗi?

Kalmar "kuɗi" da muke faɗa kullum jam'in "wuri" ce. Wurin ya daɗe da barin kasuwa, amma sunansa ya zauna a bakinmu, kamar yadda anini da taro da sisi suka zauna. Har yau idan muna son nuna talaucin mutum mukan ce ba shi da ko anini, alhali yawancinmu ba mu taɓa riƙe aninin ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya yi zamaninsa, an yi sadaki da shi, an biya haraji, an kai ƙara gaban alƙali saboda shi, sannan aka wayi gari ba ya sayen ko ƙuli-ƙuli. Yanzu da ake ce mana takardar naira ma hanyar da za ta bi ke nan, kuɗi su koma lambobi a cikin waya, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda na baya suka shigo, yadda suka fita, da kuma wanda ya kwana ciki duk lokacin da aka yi canjin.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731. Kafin nan ana musayar kaya da kaya, ana kuma auna daraja da ƙyallen saƙi da gishiri da dabbobi. A Borno ma an daɗe ana ciniki da gabaga, wato siraran saƙin auduga, har cikin ƙarni na 19. Shi wurin ba a ƙasarmu ake samunsa ba. Daga tsibiran Maldibis da ke tekun Indiya ake kwaso shi, wani ya ratso Sahara, mafi yawa kuma jiragen Turawa su sauke shi a gaɓar teku don sayen bayi, daga nan ya hauro ta ƙasar Yarbawa da Nupe. Amfaninsa ne ya sa mutane suka karɓe shi hannu bibbiyu: ba ya ruɓewa, ba a iya ƙera na jabu, kuma ƙanƙantarsa ta sa mace za ta iya sayen daddawar miyar dare ɗaya ba tare da neman canji ba.

Matsalar wuri ita ce nauyi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya da wuri 2,500. Biyar-biyar ake ƙirga shi a ƙasa, a tara kashi-kashi, idan ya kai 20,000 a ɗinke shi a tsohuwar tabarma, shi ne keso. Keso ɗaya kayan ƙato guda ne, kuma ɗan dakon da ya ɗauko shi sai an ciyar da shi daga cikin abin da ya ɗauko. Saboda haka manyan fatake ba su cika yawo da wuri ba. Wanda zai tafi Gwanja saro goro yakan ɗauki tufafi da kanwa da fatu, ya sauka a gidan fatomansa, fatoman ya tsaya masa, a ba shi kaya bashi sai baɗi. 'Yan kasuwar Kano da Larabawan Gadamas sukan yi hulɗa da wasiƙu, a rubuta a nan a biya a can. Akwai kuma ɓangare mai ɗaci da bai kamata mu tsallake ba: a wancan zamani bayi ne manyan kuɗi, da su ake biyan bashi mai yawa, domin su da ƙafarsu suke tafiya.

Ke nan ciniki ba tare da tsabar kuɗi ba tsohon abu ne a wurinmu. Abin da ya riƙe shi shi ne amana, da sanin gidan mutum, da kasancewar alƙalin da za a je gabansa idan an ci amanar.

Wuri ya fara lalacewa tun kafin Turawan mulki su iso. Daga tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka gano wani nau'insa mai arha a gaɓar Zanzibar, suka riƙa lodo shi jirgi-jirgi zuwa Afirka ta Yamma. Da ya yi yawa sai darajarsa ta yi ta zubewa, wanda ya tara keso goma ya ga ba su sayen abin da biyar suke saye a da. Mutanen da ke Kano da Katsina da Zinder ba su da ta cewa a kan yawan abin da ake saukewa a bakin teku, amma su ne suka sha tsadar.

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Ingilishi suka hana shigo da wuri, suka kawo kwabo da anini masu huda a tsakiya, sannan suka yi abin da ya fi kowace doka tasiri: suka ce da sabon kuɗi za a biya haraji. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, a 1912 aka kafa hukumar buga kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. Manomi ya koma noman abin da kamfani zai saya da sule, domin da sulen ne kawai zai rabu da dagaci. Gwamnati ba ta buɗe wani wuri ta ce a kawo wuri a karɓi kwabo ba. Duk wanda ya tara shi a rumbu ko a tukunya, musamman mata masu sana'ar cikin gida, haka ya zauna yana kallon dukiyarsa tana komawa kayan ado da kayan duba. Duk da haka wurin bai mutu dare ɗaya ba, ya shafe shekaru yana yawo a kasuwannin ƙauye, domin talaka na bukatar abin da zai sayi ɗan kaɗan da shi. A ɓangaren Faransa ma haka aka yi da faran, har aka kai ga sefa a 1945. Shi ya sa "dala" a Maraɗi take nufin sefa 5, "jaka" kuma sefa 1,000, alhali a Kano jaka fam 100 ce.

Bayan Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a 1959, an canza kuɗi sau da dama, kuma bambancin da ke tsakanin canje-canjen abin lura ne. Na 1968 makamin yaƙi ne, an yi shi don kuɗin da ke hannun Biyafara su zama takardar banza. Na 1 ga Janairun 1973, wanda ya kawo naira da kwabo, an yi masa shiri da wayar da kai, lissafinsa kuma mai sauƙi ne: fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Mutane suka ci gaba da cewa fam da sule da jaka a kan sabon kuɗin, ba wanda ya ji an ƙwace masa wani abu. Na Afrilun 1984, zamanin mulkin soja na Janar Buhari, ya zo ba zato: aka rufe iyakoki, aka sauya launin takardu, aka ba da kusan mako biyu. An ce ɓarayin gwamnati da masu fasa-ƙwauri ake hari, amma waɗanda suka kwana a layin banki, da makiyayan da labari bai kai musu ba sai bayan wa'adi, ba su ne suka saci kuɗin gwamnati ba.

Shirin rage amfani da tsabar kuɗi ya fara ne a Legas a Janairun 2012, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Banki, ya iso Kano da Abuja da wasu jihohi a 2013. Hujjojinsa masu ƙarfi ne. Buga takarda da jigilarta da gadinta suna cin kuɗi, ɗan kasuwar da ya ɗauko jaka cike daga Kantin Kwari abin farautar 'yan fashi ne, cin hanci da kuɗin fansa kuma sun fi son abin da ba ya barin sawu. Shirin ya riƙa tafiya a hankali, aka kawo lambar BVN a 2014, tura kuɗi ta waya ya fara zama jiki a birane.

Sai ga 26 ga Oktoban 2022. Gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, yana cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na tsabar kuɗin ƙasar suna wajen bankuna. Sababbin suka fito a 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar mutuwar tsofaffin, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, ana saura mako biyu zaɓen shugaban ƙasa. Jama'a suka kai tsofaffin banki, sababbin kuma babu. Kuɗin da ke yawo a hannun mutane ya faɗo daga sama da naira tiriliyan 3 zuwa ƙasa da tiriliyan 1. Duk mun ga abin da ya biyo baya: naira ta zama hajar da ake saye da naira, mai kuɗi a asusu ya rasa na cefane, manomi ya karyar da hatsinsa ga duk wanda ya zo da tsaba, mai tumatir ya zubar da abin da ya ruɓe. A wasu garuruwan bakin iyaka mutane suka koma ciniki da sefa. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, sannan aka fara numfashi.

Wahalar ta bar abu biyu. Kafin ƙarshen 2023 tsabar kuɗin da ke yawo ta koma inda take, har ta zarce, domin wanda aka taɓa hana shi kuɗinsa ba ya sake sakin jiki da banki. A gefe guda kuma mai shayi da mai nama da ɗan adaidaita sun liƙa lambar asusu a jikin kwali, masu POS sun cika kowace kusurwa, kamfanoni irin su OPay da Moniepoint sun sami kasuwa saboda saƙonsu na shiga a lokacin da na manyan bankuna ke maƙalewa. Inda sabon tsarin ya yi aiki, mutane sun riƙe shi ba tare da an tsaya a kansu ba.

Labarin eNaira da na kirifto ya ƙara fito da wannan fili. A Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto, a Oktoban shekarar kuma ya ƙaddamar da nasa kuɗin na intanet, eNaira, irinsa na farko a Afirka. Binciken Asusun Lamuni na Duniya ya nuna cewa fiye da kashi 98 cikin 100 na asusun da aka buɗe ba a taɓa su a mako. Shi kuwa kirifton da aka hana, matasa suka koma sayar wa juna kai tsaye, har kamfanin Chainalysis ya sa Najeriya ta biyu a duniya wajen karɓarsa a 2023 da 2024. Dalilin a bayyane yake. Bitcoin, wanda ya fito a 2009, an tsara shi ne yadda adadinsa ba zai wuce miliyan 21 ba, babu gwamnatin da za ta ƙara buga shi. Amma abin da ya fi jan 'yan Najeriya shi ne irin su USDT da aka ɗaure darajarsu da dalar Amurka. Wanda ya ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, mafaka yake nema, irin wadda kakanninsa suka nema a dalar azurfa lokacin da wuri ke zubewa. Daga baya hukuma ta sassauto: ta janye haramcin a Disamban 2023, ta yi rigima da Binance a 2024, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar hukuma.

Sai dai kirifto ya zo da tsohuwar cutar wuri. Can nesa ake ƙirƙirarsa, can ake yanke farashinsa, mu namu saye. Matasanmu sun shafe watanni suna dangwalar waya da sunan mainin, suna jiran ta fashe, da Hamster Kombat ta fashe a Satumban 2024 yawancinsu ba su mai da kuɗin data ba. Waɗanda ba su ɗauki darasin MMM na 2016 ba sun sake faɗawa hannun CBEX a 2025. Bafataken da ya ba da kaya bashi a Salaga ya san fatoman da zai riƙe. Wanda aka kwashe wa asusun kirifto ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Malamanmu ma har yanzu ra'ayinsu ya rabu a kan halaccinsa. Kuɗin banki na waya kuma yana da nasa haɗarin, domin wanda ke riƙe da na'urar yana ganin duk abin da ka saya, yana kuma iya rufe asusunka, kamar yadda aka yi wa wasu masu zanga-zangar EndSARS a 2020.

Shekara 300 na wannan tarihi suna nuna mana cewa kuɗi kan zauna ne idan mutane sun ga amfaninsa, kuma duk canjin da aka yi da wa'adi da barazana, mai ƙaramin ƙarfi ne ke biyan kuɗinsa. Ba mu da dalilin ƙin kuɗin waya, nauyin takarda ya ishe mu kamar yadda nauyin keso ya ishi na da. Abin da ya kamata mu nema kafin a sake sa mana wata rana shi ne sabis da wutar caji su kai ƙauye, manhajojin su yi magana da Hausa har da murya saboda wanda bai iya karatun boko ba, a samu wurin kai ƙara da zai dawo wa mutum da kuɗinsa cikin kwanaki idan an cire masa ba a tura ba, sannan a bar takarda ta ci gaba da tafiya tare da waya har ranar da mai ƙosai a kasuwar ƙauye za ta ce da bakinta a tura mata ta fi so.