Buhari ɗan Sambo, Sarkin da Ya Bijire wa Sakkwato

Har gobe a Haɗejiya in aka ambaci Gamon Gafur sai ka ga dattawa sun gyara zama. Yaƙi ne da aka gwabza wajajen 1853, ranar da rundunar Sarkin Musulmi ta juya da baya a gaban sarki guda, Buhari ɗan Sambo.

Mahaifinsa, Sambo, shi ya kafa mulkin Fulani a cikin birnin tun wajajen 1808. Buhari ya hau gado a 1848, bai daɗe ba ya sa aka kashe ɗan'uwansa Nalara, Sarkin Auyo, wanda yake ganin zai iya ja da shi. Wannan jini ya jawo masa fushin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Aka turo Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo ya tuɓe shi a 1850, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Shekara ba ta cika zagayowa ba Buhari ya dawo da mayaƙansa, ya karɓe birnin, Ahmadu ya rasa ransa.

Daga nan Sakkwato ta tara dakaru, har da na Kano ƙarƙashin Galadima Abdullahi, wanda daga baya ya zama Sarki Maje Ƙarofi. Wanda ya san ƙasar Haɗejiya ya san abin da baƙon mahayi ke fuskanta: fadama mai laka, rassan kogi da ke rarrabuwa su sake haɗewa, ciyawa mai ɓoye mutum da dokinsa. Buhari a cikinta ya tashi. Ya auka musu ba shiri, runduna ta watse, kowa ya yi ta kansa. Wannan shi ne Gamon Gafur.

Ba na son a tsaya a jarumta kawai. Shekarun da suka biyo baya gabashin ƙasar Kano ya sha wuya a hannun mayaƙan Buhari: an ƙone ƙauyuka, an kwashe mutane bayi, manoma sun bar gonaki da hatsi a tsaye. Talakan da aka raba da 'ya'yansa shi ma yana cikin tarihin nan, ko da maroƙa ba su ambace shi ba.

A 1863 Buhari ya kai hari Gogaram, birnin Badawa, can cikin fadamar gabas. A wannan yaƙi ya samu raunin da ya zama ajalinsa. Bayan rasuwarsa ne Haɗejiya ta sake komawa ƙarƙashin tutar Sakkwato.