Hannun Yara a Saƙar Ƙasar Roni

A shekarar 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano, ya tarar tufafin ƙasar suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Abin da ya fi jan hankalina shi ne rabon yara a wannan arziki, a garuruwa irin namu na Roni, cikin masarautar Kazaure.

Yarinya gurzar auduga da shiɓa take fara koya gefen kakarta, kafin a miƙa mata mazari da alli. Yaro kuwa naɗin kwarkwaro ake ba shi. Idan kallo ya ishe shi, sai ya kafa tasa masaƙar da karan dawa, ya tsinci guntayen zare, ya saƙa ƙyalle mai faɗin yatsa biyu. Wasa ne, amma a nan yake gane yadda zare ke buɗe wa ƙoshiya hanya.

Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, yadin Ingila ya cika kasuwanni, masaƙa suka yi ta raguwa. Yau zaren ulu nake ɗaura wa yara a jikin kwali, kuma da wuya in sami wanda ya taɓa ganin allera a cikinsu.