Ciwon sukari a gidan da abinci ba ya isa: awon jini da tsarin cima

Mai ciwon sukari da ba shi da tabbacin abincin gobe yana fuskantar haɗari iri biyu. Idan ya sha magani bai ci komai ba, sukarin jininsa na iya faɗuwa. Idan kuma ya cika ciki da abin da ya fi araha, kamar farar shinkafa, burodi, garin rogo da shayi mai zaƙi, sai sukarin ya hau. A yankin Sahel lamarin ya fi tsanani daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba.

Yadda ake karanta awo

Ana awon ne da ƙaramar na'ura, wadda ake kira glucomètre da Faransanci, ta hanyar ɗiga jinin yatsa a kan tsinken gwaji. A Nijar, Kamaru da Chadi an fi rubuta sakamako da g/L, a Ghana da mmol/L, wasu na'urori kuma da mg/dL. Wanda ke neman magani a tsallaken iyaka ya riƙe wannan: 1,26 g/L daidai yake da 126 mg/dL ko 7 mmol/L. Wannan adadi ko sama da shi, a awon safe kafin karin kumallo, shi ke nuna cutar idan an maimaita. Ƙasa da 0,70 g/L, wato 70 mg/dL ko 3,9 mmol/L, sukari ya faɗi.

Zafi da laima na lalata tsinken gwaji, don haka a bar shi cikin kwalbarsa a rufe. Idan tsinken ya yi kaɗan, a ajiye shi domin awon safe da lokacin da jiki ya canza.

Idan sukari ya faɗi

Alamominsa su ne rawar jiki, gumi, jiri, bugun zuciya da ruɗewa. Allurar insulin da ƙwayar glibenclamide ne suka fi jawo hakan idan an tsallake abinci. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake yi ba. A jiƙa sukari giram 15, kimanin ƙwaya uku, a sha, a sake awo bayan minti 15, sannan a ci abinci. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Abinci mai sauƙin kuɗi

Wake, gyaɗa, zogale, kuka da kuɓewa suna rage saurin hawan sukari idan an haɗa su da tuwon gero ko dawa da ba a surfe sosai ba. Raba abincin yini kashi uku ya fi cinye shi a zama ɗaya.

Kada kunya ta hana majiyyaci gaya wa likita cewa abinci na yankewa a gida, domin da wannan bayani ne zai daidaita magani. Mai ciwon sukari nau'i na 1 kuwa kada ya daina insulin ko da bai samu abinci ba. Likita ne zai gyara masa adadin.