Kogin Kwara: Daga Bahindi zuwa dazuzzukan bakin teku

Kogin Kwara, wanda wasu ke kira Neja, yana da tsawon kimanin kilomita 4,180, kuma shi ne na uku a tsawo a nahiyar Afirka, bayan kogin Nilu da na Kwango.

Daga tsaunukan ƙasar Gini ya taso, ya ratsa Mali da Nijar, ya bi iyakar Nijar da jamhuriyar Benin, sannan ya shigo Nijeriya ta jihar Kebbi, inda ya bi ta ƙaramar hukumar Bagudo, yankin da garuruwan Bahindi da Illo da Lolo suke.

Ambaliya biyu a shekara

A wannan yanki kogin yana cika sau biyu. Na farko da damina ne, sakamakon ruwan saman da ake yi a kusa, kuma ruwan kan zo da laka.

Na biyu kuwa yakan iso ne cikin hunturu, daga wajen Disamba, lokacin da babu ko ɗigon ruwan sama. Ruwan daminar Gini ne da ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, ya sauke lakarsa a can, ya iso garau.

Wannan cika ta biyu ita ce ke ba masunta, irin su Sarkawa, da masu kwale-kwalen haya damar ci gaba da aiki har cikin rani. Kwale-kwale masu inji ne ke ɗaukar mutane da hatsi da kifi da dabbobi zuwa kasuwanni, domin ƙauyuka da dama ba su da hanyar mota ta kirki.

Bayan juyin mulkin Nijar a 2023, da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, a jirgin ruwa fasinjoji suka riƙa tsallakawa.

Sai dai tafiyar na da haɗari. A watan Mayun 2021 wani jirgi da aka cika maƙil ya nitse kusa da Warrah, a ƙaramar hukumar Ngaski, inda mutane da dama suka rasu. Lodi fiye da ƙima da rashin rigar ruwa ne aka fi ɗora wa laifi a irin waɗannan haɗurra.

Inda kogin ya ƙare

Daga Bagudo kogin kan gangara Yawuri, ya faɗa tafkin Kainji, wanda aka samar bayan kammala madatsar ruwa a 1968. A Lakwaja ya haɗu da kogin Binuwai, ya wuce Onica, sannan ya rarrabu zuwa ƙoramu masu yawa a yankin Neja Delta.

A nan ne ake samun dazuzzukan mangurob mafi girma a Afirka. Itatuwa ne da ke tsirowa cikin laka inda ruwan kogi ya gauraya da na gishiri, saiwoyinsu a tsaye bisa ruwa kamar ƙafafu.

Cikin waɗannan saiwoyi kifi da jatan lande ke hayayyafa, kuma su ne ke rage zaizayar gaɓar teku. Garuruwa irin su Burutu da Brass da Akassa suna cikin wannan daji, kuma ga yawancin ƙauyukan yankin kwale-kwale ne mota.

Malalar ɗanyen mai ta yi wa dajin mummunar ɓarna, kamar yadda rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan yankin Ogoni ya nuna a 2011. Akwai kuma wani nau'in kwakwa da aka shigo da shi Kalaba a 1906, wanda ke mamaye wurin itatuwan asali.

A 1830 ne wasu Turawan Ingila 'yan uwa, Richard da John Lander, suka ziyarci Yawuri, suka gangara daga Bussa har teku a kwale-kwale. A yau da wuya a sami jirgin fasinja da ke yin wannan doguwar tafiya, ko da yake an fara yashe kogin daga Warri zuwa Baro a 2009.