Makaranta a Bakin Iyaka: Yaran Bagudo Tsakanin Kogi, Kasuwa da Aji

A ranar 14 ga Yunin 1898 wakilan Ingila da na Faransa suka rattaba hannu a birnin Paris kan yarjejeniyar raba ƙasashen da ke gaɓar Kwara. Sun ce layin iyaka zai taɓa kogin ne mil goma sama da Giris, mashigar jiragen ruwan Illo. Da wannan alƙalami Illo ta faɗa rabon Ingilishi, ƴan'uwanta na yamma kuma suka faɗa Dahomey, wadda a 1975 ta koma Benin. Abin da wannan ya haifa yana nan har gobe. Yaron Lolo yana shiga aji a yi masa magana da Turanci, ɗan baffansa na Madekali a yi masa da Faransanci, alhali in sun haɗu a gidan suna ko a kasuwa, Dandanci ko Hausa suke yi.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, abin da ke hana yaran ƙaramar hukumar Bagudo zama a aji ya wuce zancen da aka saba yi na cewa iyaye ba sa son boko. Makarantar da aka kai musu an yanka ta ne daidai wuyan ɗan birni, wanda ubansa ke karɓar albashi ƙarshen wata. Lokacinta da harshenta da abin da take alkawari duk ba su san da kogi ko iyaka ba.

Ƙidayar 2006 ta ba Bagudo mutum 238,014, a faɗin ƙasa mai murabba'in kilomita 4,782, kuma Kwara ta ratsa ta. Akwai Hausawa, da Fulanin Ka'oje, da Dandawa da Zabarmawa, da Busawan Illo, da Kyangawa. Arzikinsu shinkafar fadama, da shanu, da kifi, da fatauci. Kowace daga cikin waɗannan sana'o'i tana da lokacinta, kuma kowace tana buƙatar hannun yaro.

A nan ne rikici na farko yake. Shekarar karatu a Najeriya tana farawa a Satumba, daidai lokacin da ruwa ke kan ganiyarsa a fadamu. A 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi, Bagudo na cikin wuraren da abin ya fi shafa. Ko a shekarar da ruwa bai yi ɓarna ba, ƙauyen da ke tsallake sai da kwalekwale. Ruwa na janyewa sai girbi ya zo, girbi na wucewa sai noman rani. Wanda ya taɓa tsayawa bakin fadama da hantsi lokacin da shinkafa ta fara nuna ya san hoton: yaro ɗan shekara tara a kan rumfar kara, da igiya a hannu wadda aka jera wa gwangwanaye, yana ja yana ihu don korar jan-baki. In ya sauka na awa biyu, wahalar wata huɗu ta tafi. Uban da ya zaɓi gonar a kan aji ba jahili ba ne, lissafi ya yi. Sai rajistar makaranta ta rubuta yaron a matsayin wanda ya yi fashi, bayan zango biyu kuma a ce ya daina zuwa.

Ba wai hukuma ba ta taɓa gane wannan ba. Tun 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya, daga baya aikinta ya haɗa da ƴaƴan masunta masu ƙaura, bisa fahimtar cewa akwai yaran da dole makaranta ta bi su inda suke. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta karatun shekara tara kyauta. Amma doka ta faɗi adadin shekaru ne, ba ta ce dole kowane ƙauye ya buɗe aji ƙarfe takwas na safe a watan girbi ba. Makarantar allo ta daɗe da warware wannan: karatu da asuba, karatu da dare a bakin wuta, rana kuma ta aiki. Ba na ganin abin kunya ne boko ta koya daga gare ta.

Rikici na biyu na harshe ne, kuma ya fi na farko ɓoyuwa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa hakan zuwa dukan shekarun firamare shida, sai kuma a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke shi da komawa Turanci. A ganina wannan koma-baya ne, domin gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci sun yi fice, har a Turancin kansa. Sai dai a Bagudo matsalar ta riɓanya. Mu Hausawa mun saba ɗaukar cewa kowa a Arewa da Hausa ya tashi. Yarinyar da ta buɗi baki da Fulfulde ko Busanci, ranar farko a aji harshe biyu baƙi take fuskanta: Turancin da ke kan allo da Hausar da malam ke fassara shi da ita. In ta yi shiru sai a ce ba ta da ƙwaƙwalwa. Maganin wannan bai wuce a ɗauki malaman ƙananan azuzuwa daga cikin ƴaƴan garin. Su ne kuma ba za su nemi canjin wurin aiki ba da zarar damina ta yanke hanya.

Sannan ga iyakar kanta, wadda ita ce babbar kishiyar makaranta. Shekara da shekaru, saurayi mai babur da jarkoki shida na fetur yana iya samu a mako abin da malaminsa ba ya samu a wata, domin man Najeriya mai tallafi yana da tsada a hanyar Segbana da Malanbil da ke Benin. Wace hujja malam zai kawo wa ɗan shekara goma sha huɗu da ke ganin haka da idonsa? Amma a Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a ranar 29 ga Mayun 2023 kuma aka cire tallafin. Ribar ta ragu ƙwarai. Samarin da suka bar aji saboda ita ga su nan, ba takarda, ba sana'a, a daidai lokacin da ƴan bindigar Lakurawa da masu ɗauke da makamai na dazukan arewacin Benin ke neman irinsu. Wannan kaɗai ya isa ya sa a daina kallon iyaka a matsayin wurin kwastan da soja kawai.

Lafiya ma karatu ce. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya sami cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi, adadi mafi yawa a Najeriya. A garuruwan bakin kogi kuwa tsargiya ta zama ruwan dare, har wasu na ɗaukar fitsarin jini alamar girman ɗa namiji. Ga kuma yunwa: Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Maƙwabtanmu sun riƙe wannan: Benin ta soke kuɗin makarantar firamare a 2006, daga 2017 kuma ta faɗaɗa ciyar da ɗalibai a makarantun karkara tare da Hukumar Abinci ta Duniya. Namu shirin na 2016 ya yi ta tafiya yana tsayawa. A ƙasar da ke noma shinkafa da kama kifi, tukunyar makaranta ba abin da za a jira Abuja ba ne.

Za a iya cewa abin da nake kira zai haifar da ilimi iri biyu, na birni mai inganci da na ƙauye na jeka-na-yi-ka. Tsoron yana da tushe, kuma ban raina shi ba. Amma manhaja ɗaya ce, jarrabawa ɗaya ce; abin da zai sauya shi ne sa'a da wata da harshen farawa. Rarrabuwar da ake tsoro ma ai tana nan, tsakanin yaron da ke aji da wanda sunansa kawai ke rajista. Wasu kuma za su ce a tara yaran a makarantun kwana. Bayan sace ɗaliban makarantun kwana da aka yi a Birnin Yawuri a Yunin 2021 da Maga a Nuwamban 2025, babu mai ikon zargin uwar da ta ce ƴarta ba za ta kwana nesa da ita ba. Ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo, wadda yarinya za ta isa da ƙafa, ita ce iyaye za su yarda da ita.

Gwamnan Kebbi Nasir Idris malamin makaranta ne, ya kuma shugabanci Ƙungiyar Malamai ta Najeriya, don haka ba ya buƙatar a fassara masa waɗannan abubuwa. Ina kira gare shi da hukumar ilimin firamare ta jiha da masarautar Gwandu da su ba makarantun gundumomin Lolo da Illo da Ka'oje da Tsamiya damar tsara lokacin karatunsu da shawarar iyaye, a ɗauki malamai ƴan asalin garuruwan, a kuma ɗora tukunya kafin a sake buɗe makarantu.