Ƙidayar Masu Aiki da Marasa Aiki a Nijeriya

Tun kafin zuwan Turawa sarakunan ƙasar Hausa suna da hanyar sanin masu sana'a na garuruwansu, gama kowace sana'a da shugabanta, kamar sarkin maƙera da sarkin pawa, su ne kuwa ke tara abin da a ke biya, irin su kuɗin karofi na marina. Da Turawa suka kafa mulki sai suka mai da abin cikin littafi. Malaman haraji suka riƙa bi gida gida suna rubuta magidanta da sana'o'insu da dabbobinsu. To, da ya ke kowa ya san abin da ke biyo bayan alƙalamin malam, sai mutane suka koyi ɓoyo. Saboda haka lissafin farko da gwamnati ta samu bai cika ba, kuma tsoron ƙidaya ya daɗe bai fita zukatan talakawa ba.

A 1947 aka buɗe ma'aikatar lissafin ƙasa a Ikko. Ba da daɗewa ba aka kirawo waɗansu masana biyu daga Ingila, Prest da Stewart, don su auna dukiyar da Nijeriya ta samu cikin shekarar 1950 zuwa 1951. Suka ce ta kusa fam miliyan 600. Mutanen nan sun sha wahala ƙwarai, domin sun tarar yawancin aikin ƙasar ba a biyansa da albashi, ba a kuwa rubuta shi ko'ina. Har ta kai su ga ɗaukar kuɗin aure su auna darajar aikin da mace ke yi a gidan mijinta da shi. Mai jin wannan ya iya yin dariya, amma dai sun gane abin da na bayansu suka riƙa mantawa, watau wanda ba ya karɓar albashi ba lalle ne zaman banza ya ke yi ba.

Bayan samun mulkin kai, ma'aikatar lissafi ta soma ƙidayar masana'antu shekara shekara, amma ta ƙayyade cewa sai wurin da ke da ma'aikata goma ko fiye za a rubuta. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne: babban kamfani yana da akawu da littafi, ana aika masa takarda ya cika ya mayar. Maƙeri kuwa da ɗansa mai zuga, ko baduku, ko marinan Ƙofar Mata a Kano waɗanda suka gaji karofinsu kaka da kakanni, wa zai bi su ɗaya ɗaya? Sai aka bar su waje, alhali su ne mafi yawa nesa ba kusa ba. A kan irin wannan lissafi aka gina shirin raya ƙasa na farko, na 1962 zuwa 1968, mai cin fam miliyan 676. Wani masani daga Amurka, Stolper, wanda ke cikin waɗanda suka tsara shi, ya rubuta littafi a 1966 ya faɗi gaskiya tun daga sunan littafin, cewa shiri ne aka yi ba da tabbataccen lissafi ba.

Abin da littafi ya nuna, shi hukuma ta bi da kuɗi. A Arewa an riga an buɗe masaƙar Kaduna a 1957, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, waɗansu masaƙu kuma suka biyo baya a Kaduna da Kano. Samari suka yi ta barin gona suna tahowa birni neman aikin wata, wanda ya samu ya shiga lissafi, wanda bai samu ba ya kama dako ko ga-ruwa ko tireda, ya ɓace wa alƙalami ke nan. Da kasuwar yadi ta lalace, masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, dubban ma'aikatan masaƙu suka koma cikin waɗancan da ba a rubutawa, da yawa suka hau acaɓa.

A 2014 hukumar lissafi ta sake awon dukiyar ƙasa, gama tun 1990 ba a sake ma'auni ba. Da aka sa cinikin wayar hannu da na fina-finai yadda ya kamata, sai lissafi ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa 510, Nijeriya ta wuce Afirka ta Kudu a takarda, ko da ya ke ba wanda ya wayi gari da ƙarin ko anini a aljihunsa.

Maganar marasa aiki ita ta fi ta da ƙura. A lissafin ƙarshen 2020 hukumar ta ce cikin kowane mutum 100 masu neman aiki da masu yinsa, 33 ba su da aiki. A lokacin nan duk wanda bai yi aikin sa'a 20 a mako ba, marar aiki a ke kiransa. A 2023 aka sake ƙa'ida, aka bi ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce ko sa'a ɗaya mutum ya yi cikin kwana bakwai don neman kuɗi, mai aiki ne. Nan take 33 ta koma 4. Jama'a suka yi ca, waɗansu na cewa wayo ne a ke yi musu. Hukumar ta amsa cewa a ƙasar da ba a biyan marar aiki kome, mutum ba shi da halin zama hannu rabbana, tilas ya taɓa wani abu ko da bai ishe shi ci ba. Amsar nan da gaskiyarta, amma ba ta ciyad da kowa ba, kuma akwai hatsari mai mulki ya dubi 4 ɗin nan ya ɗauka aiki ya wadata a birane.

Cikin wannan rahoto na 2023 akwai wani lissafi da bai sami masu magana da yawa ba. An nuna cewa cikin masu aiki 100, fiye da 90 ba su ƙarƙashin wani kamfani ko ofis mai rajista, ba su da takardar ɗauka aiki, balle fansho. Su ne jikokin maƙeran nan da marinan nan da aka tsallake a ƙidayar masana'antu shekara 60 da suka wuce.