Malamin Makarantar Lahadi: Waiwaye Daga Minna

 Yau za mu waiwayi tarihi, mu ga yadda aka soma shirya masu koyar da yaranmu ran Lahadi, musamman a Minna da kewayenta.

Makarantar Lahadi daga Ingila ta taso. A shekarar 1780 wani mai buga jarida a garin Gulosta, Robert Raikes, ya lura yaran talakawa suna aikin ƙarfi kwana shida, ran Lahadi kuwa sai yawon banza a titi. Ya nemi waɗansu mata, yana ba su sule guda kowace Lahadi, su koya wa yaran karatu da Maganar Allah. Watau malaman farko biyan su ake yi. Da aikin ya bazu, sai masu bi suka ɗauke shi kyauta. Amma son aiki dabam, iya aiki dabam. Shi ya sa a 1803 aka kafa ƙungiyar Makarantun Lahadi a Landan, don taimakon malamai da littattafai da shawara.

A ƙasarmu kuwa, mutum uku na farko na mishan ɗin SIM sun sauka Legas a 1893. Ɗayansu, Thomas Kent, a Bida ya rasu a 1894. Sai a 1902 aka iya buɗe tasha a Patigi, a 1904 aka buɗe ta Wushishi, daga baya aka shiga ƙasar Gbagyi ta Paiko. Da hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano ta ratsa Minna, aka gama ta a 1911, garin ya bunƙasa, mishan ma ta zauna a ciki. Maɗaba'ar Niger Press ta yi aiki a Minna kafin ta koma Jos. A nan kuma sababbin 'yan mishan suka yi shekaru suna zuwa koyon Hausa.

Wannan na ƙarshe nake so ku riƙe. Bature ya gama karatunsa a Kanada ko Amurka, ya ƙetare teku yana ɗokin wa'azi, sai a zaunar da shi kamar ɗan aji ɗaya. Yana maimaita gaisuwa, yana fama da bambancin "gari" na zama da "gari" na tuwo, yara suna yi masa dariya. Akwai jarrabawar harshe a gabansa, dole ya ci. Shugabanninsa sun gane cewa himma kaɗai ba ta sa mai sauraro ya fahimta.

'Yan ƙasa da suka fara iya karatu su ne suka zama malaman yara. Horonsu na kallo ne: ka zauna bayan mai bishara wata da watanni, kana ganin yadda yake ba da labarin Yusufu ko Dawuda, yadda yake sa aya ta zauna a bakin yaro ta wurin waƙa, kafin a ba ka aji. Fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 ta sauƙaƙa aikin ƙwarai. Bayan kafa ECWA a 1954, nauyin ya koma wuyan ikilisiya, littattafan darasi suna zuwa daga Jos.

A 1976 Minna ta zama babban birnin Jihar Neja. Ma'aikata suka cika garin, yanzu a aji guda za ka tarar da ɗan Gbagyi, da Banufe, da Bayarabe, wani ya fi jin Hausa, wani Turanci. Aikin ya ƙara wuya, horon kuwa a wurare da yawa ya ragu. Sau nawa aka tare saurayi a ƙofar majami'a da safe, aka miƙa masa littafin darasi, aka ce, "Ka riƙe mana yaran"? Zai karanta musu shafin, in sun yi surutu ya ɗauki tsumagiya. A ganina laifin ba nasa ba ne, na dattawan da ba za su taɓa ba mutum bagade haka ba shiri ba.

Inda aka ɗauki abin da gaske, malamai sukan taru ran Asabar da yamma, ɗaya ya koyar da darasin gobe a gaban sauran, su gyara masa, a raba yara bisa shekarunsu, sabon malami kuma ya fara zama bayan tsohon hannu. Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu buɗe 2 Timoti sura 2 tare.